Interstellar, Dune ko 2.0: wanne za ka ba datarka da darenka?

Ɗan yayata ya gama jarrabawa, ya same ni a majalisa bayan isha'i da wayarsa a hannu. Ya ce, "Kawu, fim ɗin kimiyya nake so in fara kalla, amma datar tawa ta fim ɗaya ce. Wanne zan ɗauko?" Kafin in buɗe baki mutum uku sun amsa masa, kowa da nasa. Ɗaya ya ce Interstellar ko babu. Ɗaya ya ce ai tunda Dune ya fito an rufe babin. Mai gyaran wayar cikinmu, wanda shagonsa yake Farm Centre, ya ce duk su bar yaro ya kalli 2.0 ya yi dariya ya kwanta. Har mai shayi ya fara haɗa kofuna ba a rabu ba.

Na daɗe ina sauraron wannan musun, kuma abin da na lura shi ne rabinsa a kan allo ake yin sa, masu yin ba su sani ba. Wanda ya ce Interstellar barci yake sa shi, idan ka bincika a waya ya kalla, da kwafin da aka matse, janareton maƙwabci yana kuka. Wanda yake rantsuwa da fim ɗin kuwa a filasma ya gani da sifika. Fim ɗaya suka kalla a suna kawai. Saboda haka na ce bari in zauna in jera su ukun, ga duk wanda yake tsaka mai wuya irin ta yaron nan. Zan taɓo wasu sassan labaran, wanda ba ya son a ɓata masa ya sani tun yanzu.

Abin da zan auna su da shi

Na farko kuɗi. Kuɗin turawa a shago ba shi ne abin dubawa ba, bai taka kara ya karya ba. Abin da yake cin aljihu shi ne data, da caji, da man janareto idan an ɗauke wuta ana tsakiyar kallo. A lissafin Netflix, awa ɗaya ta matsakaicin hoto tana iya cin kusan 1GB, mai kyau sosai kuma har 3GB. Da wannan ma'aunin zan yi lissafi, tsawon fim shi ne farashinsa.

Na biyu ƙarko: fim ɗin da za ka bari a memori ka koma masa baɗi, ko wanda za ka goge da safe don ka samu wurin hotunan biki. Na uku sauƙin fahimta, wato nauyin Turancin da yawan sunaye da zurfin kimiyyar. Na huɗu kasada, kuma a Kano wannan ba ƙaramin abu ba ne: wurin da zai sa ka nemi rimot da gudu idan Hajiya ta shigo falo, da abin da zai taɓa aƙida, da kwafin banza mai tallan caca yana yawo a saman allo. Na biyar shi ne wanda na fara da shi, irin allon da fim ɗin yake buƙata kafin ya nuna kansa.

Interstellar

Ya fito a 2014, Christopher Nolan ne darakta, tsawonsa minti 169. Duniya ce ta gaji. Wata cutar shuka ta cinye alkama, ta koma kan kuɓewa, saura masara kawai, ga ƙura tana tasowa kamar bango har mutane suna kife faranti a kan tebur kafin a zuba abinci. Duk wanda ya share tsakar gida sau uku a rana ɗaya cikin hunturun Kano ba ya buƙatar a yi masa bayanin wannan. Jarumin, wanda Matthew McConaughey ya fito a matsayinsa, tsohon matuƙi ne da ya koma noma. Ya bar 'ya'yansa biyu ya tafi nemo wa ɗan Adam wata duniyar ta wata kafa da ta buɗe a kusa da Zuhal.

Masoyansa abu biyu suke riƙewa. Na ɗaya kimiyyar. Wanda ya tsaya a kan lissafin fim ɗin shi ne Kip Thorne, masanin da ya samu kyautar Nobel a 2017, kuma baƙin ramin da aka nuna, wato wurin da ƙarfin janyowa ya yi yawa a sararin samaniya har haske ba ya iya kuɓuta, daga lissafinsa kwamfuta ta zana shi. Sai a Afrilun 2019 masana suka fitar da hoton baƙin rami na gaske na farko, shekara kusan biyar bayan fim ɗin. Fim ɗin ya kuma ci Oscar ta haɗa hoto. Ko gonar masarar ma da gaske aka shuka ta a Kanada, kusan eka 500.

Na biyu shi ne wurin da ya fi kama ni. Sun sauka a wata duniyar ruwa da take dab da baƙin ramin, inda ƙarfin janyowa ya sa lokaci yake rarrafe: awa ɗaya a can shekara 7 ce a nan. Aka samu tangarɗa, suka ɗan jima. Da suka koma jirgi, abokin da suka bari ya yi furfura, shekara 23 ta wuce. Jarumin ya zauna yana kallon saƙonnin bidiyon da suka taru, ɗansa ya yi aure, ya haihu, jikan ya rasu, duk cikin minti kaɗan, 'yarsa da ya bari ƙarama ta kai shekarunsa. Akwai wani dattijo a majalisarmu da ya yi shekaru yana neman kuɗi a Jidda. Ranar da muka kalla a gidana, a daidai nan ya tashi ya ce zai kama ruwa, ya daɗe bai dawo ba. Da ya dawo abin da ya ce kawai shi ne ya bar tasa tana rarrafe, ya dawo tana ɓuya a bayan uwarta idan ya yi sallama. Wani ya ce abin kamar Ashabul Kahfi, malamin cikinmu ya ce a bar ƙissar Alƙur'ani a wurinta, a yi maganar fim.

Masu suka su ma ba su rasa abin faɗa ba, kuma ina tare da su a wasu wuraren. Kusan minti 40 na farko a gona ake, wanda ya zo ganin jirgin sama jannati sai ya ƙosa. Kiɗan Hans Zimmer yana danne magana a wurare da dama. Tun a 2014 masu zuwa sinima a Amurka suka yi wannan ƙorafin, Nolan ya ce da gangan ya yi. To idan Ba'amurke bai ji ba, ina ga ni da kai, ga shi jarumin yana tauna Turancinsa irin na mutanen Tekzas? Ba tare da rubutun ƙasa ba kada ma ka fara. Sannan akwai tambayar da wani ɗalibin injiniya ya yi da har yau ba wanda ya amsa masa a majalisa: an buƙaci ƙatuwar roka kafin a bar duniyarmu, amma ɗan ƙaramin jirgi ya tashi daga duniyar ruwan da ta fi tamu nauyi ba wahala. Sai jawabin da jarumar ta yi cewa soyayya wani ƙarfi ne da yake ƙetare lokaci da nisa, wanda ya raba masoyan fim ɗin gida biyu. Ƙarshen ma, da uban ya faɗa baƙin rami ya tsinci kansa a bayan kantar littattafan 'yarsa, wasu sun ce nan ne kimiyya ta sauka tatsuniya ta hau.

Kuɗinsa: kusan 3GB a matsakaicin hoto, sama da 8GB a mai kyau. Ƙarko kuwa babu na biyunsa a cikin ukun, a kallo na biyu ne ma za ka gane abin da ya faru a ɗakin yarinyar tun farko. Kasada kaɗan ce, ba tsiraici, sai ɗan zagi nan da can da wata 'yar sumba ta daƙiƙa ɗaya can wajen ƙarshe. Abin lura ɗaya: a labarin, mutanen gaba ne suka ceci mutanen yanzu, ɗan Adam shi ya ceci kansa. Idan da yara ake kallo, wannan wurin yana son babba ya ce wani abu.

Dune

A nan musu ya fi zafi, kuma da dalili. Da farko dai ka sani fim biyu za ka saya. Kashi na ɗaya ya fito a 2021, minti 155, na biyu a 2024, minti 166, duka na darakta Denis Villeneuve, daga littafin Frank Herbert na 1965. Jimilla awa 5 da minti 21. Na ɗayan a tsakiyar labari yake tsayawa, jarumi ya shiga sahara sai rubutu ya fara hawa. Wanda yake da datar fim ɗaya ya kalli wannan, zai kwana da haushi.

Labarin wata duniya ce ta rairayi zalla, mai wani gari da suke kira yaji, wanda in babu shi jiragen sarari ba sa tafiya. Manyan gidajen sarauta suna yanka juna a kan haƙarsa, mutanen ƙasar kuwa suna cikin kogo suna tattalin ɗigon ruwa. Ba sai an ce maka komai ba, kai da kanka za ka tuna man Neja Delta da yuraniyom ɗin Arlit. An ɗauki saharar a Wadi Rum ta Jodan da hamadar Abu Dabi, yashin gaske ne.

Darajar ruwa ita ce abin da masoyansa na nan suka fi yabawa. Rigar da suke sawa tana tace gumin jiki ta mayar da shi abin sha. Gawa ma sai an tatse ruwanta. Akwai inda shugaban mutanen sahara ya shigo gaban sarki ya tofa yawu a kan tebur, dogarai suka zabura, ashe girmamawa ce, ya ba da ruwan jikinsa kyauta. Wanda ya taɓa tsayawa jiran mai garuwa a watan Afrilu ya fi Bature gane wannan wurin. Ga tsutsotsin rairayi masu girman unguwa guda, ga sauti mai girgiza ƙirji. Kashi na ɗaya Oscar 6 ya kwasa, na biyu 2, ta sauti da ta haɗa hoto.

Sai kalmomin. Za ka ji ana kiran jarumin Mahadi, ana kiransa Lisanul Gaibi, za ka ga mutane da rawani da amawali kamar Buzaye, suna sujada irin tasu. Herbert ya ɗebo da yawa daga Larabci da tarihin Musulmi, a littafin ma kalmar jihadi ya yi ta amfani da ita, fim ɗin ya sauya ta. A majalisarmu wannan ya raba mutane. Ɓangare ɗaya suka ce an ari rigarmu an yi wasa da ita: an ɗauki sunan Mahadi an liƙa wa ɗan sarkin da ya zo daga wata duniyar, farar fata, shugaban mutanen saharar ma ɗan Sifaniya ne, Javier Bardem, ya fito a matsayinsa. Ɗaya ɓangaren suka ce ku ƙarasa kallo tukuna. A labarin, wata ƙungiyar mata masu makirci ce ta shuka wannan annabcin tun ƙarnuka da suka wuce don ranar da za ta buƙaci mabiya, kuma yaron da kansa yana ganin jinin da za a zubar da sunansa, ya ci gaba. Budurwarsa, 'yar sahara, ita ce take cewa ƙarya ake yi musu. Ni ina ganin na biyun sun fi kusa da abin da fim ɗin yake nufi, gargaɗi ne a kan bin mai ceto ido rufe. Amma ban ga laifin wanda ya ji kalmar ta yi masa nauyi a bakin 'yan fim ba, kuma ba zan kunna shi gaban wanda zai ɗauka ana ba shi labarin Mahadin da ya karanta a Islamiyya ba.

Sauran aibobin na fili ne. Sunaye sun yi yawa, gidaje da ƙungiyoyi da laƙabobi, mutum ɗaya yana da suna huɗu. Zendaya, mai fitowa a matsayin budurwar, da aka cika talla da fuskarta mintuna kaɗan ta yi a kashi na ɗaya. Masu karatun littafin suna ƙorafin an sauya abubuwa a na biyu, shi ma kuma bai rufe labarin ba, ci gabansa yana littafi na gaba, na 1969.

Babbar matsalarsa a wurinmu duhu ne. Harin dare na kashi na ɗaya, a waya baƙin allo kawai za ka gani da ihu. Ni kaina na taɓa komawa wani shagon turawa da faɗa, na ce kwafin na biyun ya lalace, kala ta ɗauke ana tsakiyar fim. Yaron shagon ya duba ya ce, "Yallaɓai, haka yake, ka ɗan matsa gaba." Ashe wurin fagen yaƙin ne na duniyar mugayen, da gangan aka ɗauke shi fari da baƙi. Na sayi katin waya a wurinsa don kunya. Kuɗinsa sama da 5GB a matsakaici, wajen 16GB a mai kyau, kuma matsakaicin asara ne a wannan fim ɗin. Kasadarsa ta fi ta Interstellar: akwai sumbata da kwanciyar tanti a na biyu, akwai yankan wuƙa na rashin imani. Ba na falo ba ne.

2.0

Wannan na Indiya ne, da harshen Tamil aka yi shi, ya fito a Nuwamban 2018, darakta Shankar, kiɗan A. R. Rahman. Ci gaban fim ɗin butum-butumin nan ne na 2010 da aka fi sani da Robot. Rajinikanth ne akta, Akshay Kumar bos. Kusan awa biyu da rabi.

Wayoyin mutanen birnin Chennai ne suke fizgewa daga hannu su tashi sama, har na cikin shaguna, su haɗu su zama ƙaton tsuntsu. Mai gyaran wayarmu ya ce shi wannan wurin ne ya tsaya masa, don ya hango Farm Centre da Titin Beirut an wayi gari kanta babu ko tocila. Bos ɗin masanin tsuntsaye ne da ya yi ta roƙon a rage ƙarfin turakun sadarwa saboda tsuntsaye suna mutuwa, ba wanda ya saurare shi. Masoyan fim ɗin sun ce labarin rayuwar wannan mutumin ya fi duk faɗan daɗi, har za ka rasa wa kake goyon baya.

Kimiyyarsa kuwa a bar ta kawai. Ruhin mamaci ne yake tuƙa wayoyi, aka sa masa sunaye masu kama da na littafin fizis. Maganar cewa turakun waya suna kashe tsuntsaye haka ba abu ne da bincike ya tabbatar ba, ƙungiyar kamfanonin sadarwa ta Indiya ma ta kai ƙorafi tun kafin a saki fim ɗin. An ɗauke shi don a kalla da tabarau na 3D, shi ya sa a allon gida wasu wuraren suke komawa kamar katun. Faɗan filin ƙwallo na ƙarshe ya yi tsawo, kuma akasarin waɗanda na sani sun ce na 2010 ya fi shi labari.

Amma shi ne mafi sauƙi, nesa ba kusa ba. Ka san akta, ka san bos, launi tar ko a ƙaramar waya. Fina-finan Indiya su ne abincin masu fassara irin su Algaita, kunnen mutanen Kano ya saba da salon, kuma labari mai faɗa da barkwanci irin wannan ba ya rasa komai idan an juya shi Hausa. Interstellar da Dune kuwa rabin ƙarfinsu a shiru da kiɗa yake, mai fassara mai son cike kowane gurbi da zolaya zai kashe su. Kasada biyu: fim ɗin yana buɗewa da mutum ya rataye kansa a jikin turken waya, akwai kuma kisa biyu ko uku masu tayar da hankali da wayoyi suke yi. Waƙar ƙarshe ma shigar jarumar ba ta gaban surukai ba ce, amma lokacin labari ya ƙare, sai ka kashe.

| | Interstellar | Dune (1 da 2) | 2.0 |
|---|---|---|---|
| Shekara | 2014 | 2021, 2024 | 2018 |
| Tsawo | minti 169 | minti 321 | kusan awa 2 da rabi |
| Data, matsakaici zuwa mai kyau | 3GB zuwa 8GB | 5GB zuwa 16GB | 2.5GB zuwa 7GB |
| Ƙarko | sosai | sosai, in ka jure na farko | kallo ɗaya ko biyu |
| Fahimta | sai da rubutun ƙasa | mai wuya, sunaye da yawa | mai sauƙi |
| A waya | da abin kunne, a daure | asara | lafiya lau |
| Da iyali | eh, da ɗan bayani | a'a | ban da ƙananan yara |

Wa ya dace da wanne

Idan waya kawai gare ka, kuma ka dawo daga kasuwa a gajiye kana son abin da zai ɗauke maka hankali, ɗauki 2.0, ka tsallake minti biyar na farko idan akwai yaro a gefenka. Haka idan taron abokai ne da za a yi ta surutu ana kallo, shi kaɗai ne a cikin ukun zai jure hayaniya.

Ɗalibin kimiyya, ko uba, ko duk wanda ya taɓa yin doguwar tafiya ya bar iyali, Interstellar ne nasa. Ka nemi kwafi mai rubutun ƙasa, ka sa abin kunne mai kyau idan babu sifika, ka tabbatar cajinka zai kai awa uku, don yanke shi biyu yana kashe shi. Shi ne kuma wanda za ka iya kunnawa a falo ranar Sallah ba tare da rimot yana hannunka ba.

Dune na mai filasma ne da sola ko wutar da ta zauna, da dare biyu a jere, da haƙurin bin sunaye. Mai son siyasa da tarihi, wanda zai ji daɗin musu bayan kallo fiye da kallon kansa, zai samu abin taunawa na wata guda. Ka kalle shi kai kaɗai tukuna kafin ka yanke wa za ka nuna wa.

Ɗan yayar tawa dai Interstellar na ce ya ɗauko, na kuma hana shi kallo a wayarsa. Ya zo gidana ranar Asabar da filas, muka haɗa a talabijin. Ana saura kusan minti 20 a gama aka ɗauke wuta, batirin sola kuma ya riga ya yi ƙasa. A wayar tasa muka ƙarasa, kai biyu a kan allo ɗaya, yana ta tambayata me uban yake yi a bayan littattafan.